Ɗinkin Ya Yi Kyau

Shekara biyu da wata huɗu ke nan Tela yana ɗaure da koren bel. Bel ɗin har ya koɗe saboda wanki, bakinsa ya fara zarewa.

Tun farko ba da niyyar koyon kareti ya je wurin horon ba. 'Yarsa Auta yake rakawa, ya zauna a benci kusa da inda ake tara takalma yana ta hamma, har ranar da Koci ya dube shi ya ce, "Maigida, wannan bayan naka da ya ranƙwafa, keken ɗinki ne ko?" Ya ce eh. Koci ya ce ya cire takalmi ya shigo. Tare da Auta suka ɗaura fari, tare suka samu rawaya, tare suka samu kore. Daga nan ta wuce ta bar shi. Ta ɗaura shuɗi, ta ɗaura ruwan ƙasa, yanzu a sahun gaba take tsayawa, shi kuwa yana sahu na uku cikin yaran da a haife ya haife su.

Sau uku yana shiga jarrabawar shuɗi. Ƙarfi dai yana da shi, takun ma ya haddace tsaf. Amma da zarar abokin karawa ya kawo naushi, sai ya runtse ido ya kau da kai. "Ka rufe ido, Tela," in ji Koci kowane karo, babu tsawa babu faɗa, sai ya kira na gaba.

Matarsa ba ta taɓa yi masa maganar ba. Ƙaninta ne, wanda kowa ke kira Direba, ya sa shi gaba. Duk ranar da ya leƙo shago sai ya ce, "Yaya, har yanzu kore? Haba, ko fitilar kan titi ai tana canzawa!" Masu jiran ɗinki su kwashe da dariya, Tela ya taya su.

Kwana biyu bayan faɗuwa ta uku, da rana tsaka, ya gama yanka wandunan makaranta, sai ga dogon ƙyalle shuɗi mai kauri ya rage a kan teburi. Ya jima yana kallonsa. Ya ninka shi huɗu, ya goge, ya hau keke ya bi shi layi bayan layi. Kayan horonsa suna cikin jaka, ya ja labulen gwaji ya saka su, ya ɗaura abin da ya ɗinka, ya tsaya gaban dogon madubi. Ya yi masa kyau ƙwarai. Ya ɗauki hoto da niyyar ya kalla ya goge. Daidai lokacin saƙon Direba ya shigo, hoton wani ƙaton kwaɗo kore, an rubuta a ƙasa, "Ina gaisuwa." Tela bai san sa'ad da ya tura masa nasa hoton ba.

Kafin ya gama cire kayan, Direba ya watsa hoton a gurup ɗin dangi. Barka ta riƙa shigowa kamar ruwa. Yayarsa ta yi doguwar addu'a, matarsa ta bugo waya tana murna tana cewa don me ya ɓoye mata. Auta ta buɗe hoton, ya ga alamar ta gani, ba ta rubuta komai ba.

Da ya koma gida ita ta kawo masa abinci. Ta ajiye tire, ta zuba ruwa, idonta a ƙasa. Har ta kai ƙofa ta tsaya.

"Baba," ta ce, "ɗinkin ya yi kyau."

Ta fita, ya ture tiren gefe.

Mako uku bai taka wurin horo ba. Yau aiki ya yi yawa, gobe baya ya riƙe. Auta takan ɗauki jakarta ta fita ita kaɗai. Ran nan da hantsi yana saka zif, wani ya tare hasken ƙofa. Ya ɗago, Koci ne, riƙe da leda cike da rigunan horo da suka yage a hammata.

Suka gaisa. Koci ya zauna a kan kujerar masu jira yana nuna masa inda za a gyara. Sai da ya gama ya ce, "Na haɗu da ƙanin matarka a gidan mai. Har ya fito daga mota ya yi mini godiya, wai na ƙara maka girma."

Ƙafar Tela ta tsaya cak a kan keke. "Me ka ce masa?"

"Cewa na yi ya gaishe ka."

Tela ya sunkuya, ya tona kwandon ƙyallaye, ya zaro bel ɗin ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Koci ya karɓa ya juya shi, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Layi takwas," ya ce. "Namu ma shida ne."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Tela ya ji gumi na gangarowa ta bayan kunnensa. Da ƙyar ya ce, "Koci, shekara biyu fa. Ban taɓa fashi ba sai wannan karon. Yaran da na tarar suna kuka in an taɓa su duk sun wuce ni."

"Na sani. Masu shuɗi ba sa tsayar da hannu, Tela. In na tura ka cikinsu kana rufe ido, haƙoranka za ka tsinta a ƙasa. Ni ma da laifina. Shekara biyu ina gaya maka abin da kake yi, ban zauna na nemo maka hanyar dainawa ba." Ya miƙe ya ajiye bel ɗin a kan teburi. "Kullum sai na tambayi yarinyar nan ina babanta. Kullum ta ce aiki ya yi maka yawa. Ba ta iya ƙarya ba, muryarta rawa take yi."

Bayan ya tafi Tela ya ɗauki waya. Ya rubuta ya goge ya fi sau biyar, a ƙarshe ya tura wa dangi: "Bel ɗin nan ni na ɗinka. Ban ci jarrabawa ba. Ku yafe ni." Babu wanda ya amsa sai yayarsa, ta ce Allah ya kyauta. Matarsa ta yi kwana biyu tana amsa masa magana a gajarce, don ta riga ta gaya wa maƙwabta. Direba kuwa ko leƙo shagon bai yi ba, wannan ma ya dame shi.

Ranar Asabar ya bi Auta. Ya tsaya a sahu na uku yana jin kamar kowa ƙeyarsa yake kallo, alhali babu wanda ya kula. Da aka zo karawa Koci ya kira Auta daga sahun gaba ya tsayar da ita a gabansa.

"A hankali, daidai hancinsa," ya ce mata. "Kai kuma kada ka tare. Kallo kawai."

Ta kawo hannu, ya runtse ido. Ta sake, ya sake runtsewa.

"Baba, ni ce fa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Dube ni."

A karo na tara ya ga dunƙulen hannunta tun daga kafaɗa har ya tsaya a gaban fuskarsa. Idanunsa suka kawo ruwa don ya hana su ƙiftawa. A na goma sha biyu murna ta sa ya matso gaba, hannun ya same shi a hanci.

A hanyar gida yana tafe da hankici a fuska, Auta na riƙe da jakunkunansu biyu.

"Ya kumbura?" ya tambaya.

Ta leƙa ta gani. "Sosai. Kai za ka yi wa Mama bayani, ni babu ruwana."