Gangaren Ƙofar Gidan Efren

Da Minda ta ji ƙarar guduma, ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba. Ta fito ta tarar da masu gadin rukunin gidajensu su biyu a kan gangaren simintin da ta sa aka zuba a ƙofar gida, har sun ɓantare gefe ɗaya. Ta je ta zauna daram a tsakiyarsa.

"Sai dai ku haɗa da ni."

"Aling Minda, ki rufa mana asiri," in ji babban cikinsu, yana haɗa mata da laƙabin girmamawa irin na mutanen Filifin. "Ƙungiyar masu gidaje ce ta aiko mu. Wai ya ci hanya."

"To ta ina zan fito da mijina? Ta taga?"

Tun bara ɓarin jikin mijinta Efren ya shanye, ta nan take turo kekensa na guragu zuwa asibiti. Kafin a yi gangaren goya shi take yi, har ranar da suka faɗi tare a kan matakala.

Ta kira Perla Salcedo, shugabar ƙungiyar, wadda ita ce uwar baftismar 'yarsu. Wayar ta yi ta ringin, ba a ɗauka ba. Minda ta roƙi masu gadin, har da riƙe musu hannu, su ba ta zuwa tsakar rana. Suka kalli juna, suka jingine gudumar.

A ofishin unguwa ta samu sakatariya tana cin soyayyiyar ayaba, ta ce mata kotu take so ta kai ƙungiyar.

"Kotu?" Matar ta goge baki. "Kotu ba za ta saurare ki ba sai an fara zaman sulhu. In ma ta saurara, sai kin yi furfura."

"Na riga na yi. Sa sunana."

"Gidan da sunan wa yake?"

"Mijina."

"To shi zai zo da kansa. Ba a turo wakili, ba a turo lauya."

Minda ta yi wata dariya da ta sa mutanen kan benci suka waiwayo. Daga nan ta durƙushe a gaban teburin tana kuka kamar an aiko mata da mutuwa. Hayaniyar ce ta fito da Kapitan Dimaano, mai unguwa, daga ofishinsa. Ya ɗaga ta, ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya kira Perla da wayarsa, ya buɗe murya kowa na ji.

"Kapitan, ba ƙiyayya ba ce," in ji Perla. "Wani mai babur ya yi tuntuɓe da shi, ya karye a hannu. In na ƙyale nata, gobe kowa ya zuba nasa, kuma ni za a zaga."

"Na ji. Litinin da safe ku zo ku faɗa a gaban juna. Dole Efren ya zo da kansa. In kun fasa gangaren yau, ta ina zai fito?"

Sai Perla ta tambaya:

"Minda tana nan?"

"Ina ji, ƙawata."

"Zuwa Litinin kawai," in ji Perla, muryarta ta yi ƙasa. "Bayan nan ba a hannuna yake ba."

Da ta koma gida masu gadin sun tafi. Efren yana kan kekensa a bakin ƙofa, yawu ya jiƙa masa wuyan riga. Ta goge masa, ta ba shi labari duka. Ba ta ɓoye masa mai babur ɗin ba, ba ta kuma ce za su yi nasara ba.

Ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito.

"Ni... zan... yi."

"Za ka yi me?"

Ya buga ƙirjinsa da hannun mai lafiya. Mutumin da ko ruwa yake so sai dai ya nuna da ido. Ta yi niyyar ta ce ya bari ita za ta yi bayani, sai ta ga yadda yake kallonta, ta haɗiye.

Shinkafar rana ba ta ɗora ba. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa.

"To, ni ce Kapitan," ta ce. "Malam, faɗa mana sunanka."

Efren ya ja numfashi, ya fara.