Jegon Muhsina a Gidan Haya

Mutanen da wannan labari ya shafa su shida ne. Akwai Muhsina, mai jego, mutuniyar Funtuwa, da mijinta Ghali, direba a wani ofis a Abuja, da jaririyarsu Umaima. Akwai Ikilima, ma'aikaciyar lafiya mai bi gida-gida a unguwarmu a nan Suleja. Sai mai ɗakina Sakinatu, wadda 'yan haya ke kira Inna, da ni Datti, mai gidan da suke haya a ciki.

Ghali yakan fita da an idar da sallar asuba domin ya riga cunkoson motoci na hanyar Zuma, ba ya dawowa sai bayan magariba. Da Muhsina ta haihu, mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba saboda ciwon ƙafa, gwaggonta da ta zo suna kuwa kwana biyu ta yi ta koma. Sakinatu ta ce ba a gidanta za a bar mai haihuwar fari ita kaɗai ba. Ta karɓi jegon gaba ɗaya. Safe da yamma ta tafasa ruwa a babbar tukunya ta yi mata wanka da ganye, sannan ta dama mata kunun kanwa, kanwar ma sai da ta aika takanas kasuwar Lambata aka zaɓo mata mai ƙarfi. Haka aka yi wa Sakinatu a nata jegon, haka ita ma ta yi wa 'ya'yanmu mata uku.

Ranar da jaririyar ta cika kwana goma sha takwas, Ikilima ta yi sallama da hantsi, da jakarta a kafaɗa. Ina zaune a zaure, maganar tsakar gida tana iso ni.

"Ga likitar unguwa," in ji Sakinatu. "Yau wa za ki tsira wa allura?"

"Inna, ke nake hari tun bara, kina zillewa."

"Zo dai ki ga aikin hannuna. Yarinyar nan da ta zo gidan nan kamar sillen kara take. Dubi yadda ta yi ɓul-ɓul, har zobenta ya ƙi fita. Jego ya karɓe ta."

Ikilima ta fara da duba cibiyar Umaima da katin rigakafinta. Sannan ta tambayi Muhsina yadda take kwana. Muhsina ta ce lafiya lau, amma kafin ta ƙarasa gajeriyar amsar nan sai da ta tsaya ta ja numfashi. Ikilima ta lura da matasai uku da aka jera a jikin bango. Ta roƙi Sakinatu ruwan sha, da ta fita sai ta sake tambaya a hankali. Nan Muhsina ta faɗi gaskiya: kwana biyar ke nan a zaune take barci, in ta kwanta sai ta ji kamar an danne mata ƙirji.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Anti, matar da ba ta haɗa komai da ni ba take tashi ta hura wuta saboda ni. Da wane baki zan ce mata wankan yana wahalar da ni?"

Ikilima ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, ta auna sau biyu, ta ga ya hau ƙwarai. Daga baya ta gaya mini abin da ta tsaya tana tunani. Dole Muhsina ta ga likita a ranar. Amma in ta ce wa Sakinatu kununta ya yi ɓarna, tsohuwa za ta ji kunya ta janye hannunta, yarinya kuma ta dawo daga asibiti ba ta da kowa.

Da Sakinatu ta kawo ruwan, Ikilima ta ce, "Inna, ara mini babban yatsanki. Danna nan, a ƙwaurinta, ki riƙe kaɗan."

Sakinatu ta danna, ta ɗauke. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"To danna naki."

Ta danna nata, ya taso nan take. Ta sake gwada na Muhsina a ɗaya ƙafar, nan ma ya lotsa.

"Wannan ba ƙiba ba ce," in ji ta.

"Ruwa ne, Inna. Zuciyarta ce ta gaji. Wasu matan jikinsu yana ɗaukar kanwa da zafin ruwa, wasu kuwa ba ya ɗauka, ba a ganewa sai an duba."

"Ni na ba ta da hannuna. Kullum kwano biyu."

"Ke kuma kika hana ta zama da yunwa. Yanzu saura aiki ɗaya, ni ba zan iya shi ba. Dole Muhsina ta je asibiti yau, amma ta ce ba ta fita sai da izinin mijinta, na kira shi sau uku bai ɗauka ba."

Sakinatu ta leƙo zaure ta ce, "Malam, ba ni wayarka." Kira na biyu Ghali ya ɗauka, ganin lambata ce. Ya ce yana tuƙa maigidansa, ko za a jira zuwa yamma?

"Ghali, ba shawara na kira ka ba," in ji ta. "A garin nan ni ce uwarta. Ka ce to, ka same mu a asibiti."

"To, Inna," in ji shi.

Na tsayar musu da keke mai ƙafa uku a bakin titi. Sakinatu ta goya Umaima, Ikilima ta riƙe Muhsina, ta kuma rubuta takardar da za a nuna wa likita don kada a bar su a layi.

Kwana huɗu Muhsina ta yi a asibiti, Sakinatu tana tare da ita. Likita ya ce an kawo ta a kan lokaci. Da suka dawo, Ikilima ta zauna da matan gidan aka raba aiki: wannan ta wanke kayan jaririya, waccan ta ɗebo ruwa, Ghali kuma ya tabbatar ta sha maganin safe kafin ya fita. Wanka da kunu aka bar wa Sakinatu, amma ruwan sai an surka shi ya zama mai ɗumi, kunun kuma na gyaɗa ne, babu kanwa. Ta yi ƙorafin cewa wannan wankan jarirai ne, duk da haka ba ta saɓa ba ko sau ɗaya.

Ikilima takan zo Litinin da Alhamis ta auna jinin. A mako na uku Muhsina ta kwanta a miƙe ta yi barci har rana ta fito. Ranar arba'in da ƙafarta ta zaga gidajen maƙwabta ta yi godiya, Sakinatu na gaba tana nuna mata ƙofofi.

Iyakar abin da na gani da wanda aka gaya mini ke nan. Ban san aikin asibiti ba, alƙalami kuma da girma na kama shi. Wanda ya ga inda na kauce, a bayanin ciwon ko a rubutun, ina roƙonsa ya gyara mini.