Sheƙa a Wayar Baranda

Doña Nubia na jan tukunyar fure ta ƙarshe daga baranda ta ji ƙugin motar magini tana hawo gangaren unguwarsu. Ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta share hannu a jikin atamfar girkinta. Yau dai za a yaye ruɓaɓɓen kwanon rufin nan a sa sabo.

Rufi ɗaya ne ya rufe barandar da ɗakin ɗinkinta. Daminar bara ruwa ya zubo cikin ɗakin ya ɓata mata farar rigar amaryar da ta kusa gamawa, sai da ta sayi wani yadin ta sake daga farko. Tun daga lokacin take bin Don Fabio magini, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Ga shi hadari ya fara taruwa a kan duwatsun garinsu Jardín kowace yamma.

"Evelio! Sauke kwalaben nan naka, ga mutanen sun iso!"

Ta juya ta hango mijinta tsaye a ƙarshen barandar, kyamara rataye a wuya, ya riƙe hularsa a hannu kamar mai jiran shiga wurin likita. Jajayen kwalaben ruwan sukarinsa na nan reto a inda suke, 'yan mitsi-mitsin tsuntsayen kolibiri masu shan zaƙin fure na ta shawagi a kansu suna korar juna.

"Tsoho, kurma ka zama ne?"

"Nubita," ya ce a hankali, "zo ki ga wani abu."

Ba ya kiran ta Nubita sai ya yi ɓarna.

Ya nuna mata wayar ƙwan lantarkin da ta sauko daga jikin katakon rufin. A kan lanƙwasar wayar akwai wani ɗan dunƙule, bai kai rabin ɓawon ƙwan kaza ba.

"Sheƙar kolibiri ce, da ƙwai a ciki," in ji shi.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"An ɗan kwana biyu! Kana kallo na kwashe keken ɗinki, na kwashe yadudduka, na tashi da asuba na soya wa ma'aikata abinci, bakinka ƙanin ƙafarka?"

"Na yi ta neman yadda zan fara ne."

"Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana zagin fasinjoji a bas, yau shi ne ya rasa yadda zai fara magana!"

Don Fabio ya shigo da tsani a kafaɗa, ya gaishe su. Ya dubi fuskar matar, ya dubi ta mijin, sannan ya bi yatsan Evelio da kallo.

"Wannan ce matsalar? Ai sai a cire ta a hankali a ɗora a bishiyar lemun can."

"Uwar ba za ta bi su ba," in ji Evelio. "In aka taɓa, shi ke nan."

"To ko ba a taɓa ba, Don Evelio, guduma ɗaya zan buga ta gudu. Kuma gaskiya, Doña, in ba yau ba sai bayan damina. Na karɓi aiki a birnin Medellín, ranar Litinin zan tafi."

Nubia ta dubi mijinta. Bai roƙe ta ba. Sai murza bakin hularsa yake yi, idonsa a ƙasa.

Ta tuna shekarar da ciwon zuciya ya raba shi da tuƙi. Yakan wuni a kujera gaban talabijin, ba ya ko tambayar me aka dafa. Mutumin da surutunsa ke hana ta jin rediyo ya koma kamar baƙo a gidansa. 'Yarsu ce ta aiko masa da kyamarar daga birni, shi kuma ya rataye wa tsuntsaye kwalbar ruwan sukari ɗaya don kada a ce bai gode ba. Yanzu kwalabe sun cika baranda, sukarinta ba ya kai ƙarshen mako, bangon falo duk hotunan tsuntsaye ne, rabinsu jela kawai aka kama. Amma yana tashi kafin ita, yana fito yana wanke kwalabe.

"Kafa mini tsanin nan," ta ce wa magini.

"Doña, gwiwarki fa."

"Gwiwarka ce? Kafa."

Ta hau a hankali, maza biyu na riƙe da tsanin. Da kanta ya kai daidai wayar, sai ta leƙa. An saƙa sheƙar da gansakuka da yanar gizo-gizo, an shafe cikinta da wani abu mai laushi kamar auduga. Gefen ya zagaye sumul, babu inda zare ya fito. Ta daɗe tana ɗinki, ta san aikin hannu mai kyau in ta gan shi. A ciki ga farin ƙwai ɗaya kamar ƙwayar wake. Kusa da shi kuma wani baƙin abu, tsirara, bai kai ƙudan zuma ba, yana motsa kai.

"Evelio, ka ce mini ƙwai ne a ciki?"

"Biyu. Jiya na leƙa."

"To ɗaya ya fashe."

"Ya fashe?"

"Ya ƙyanƙyashe, sakarai. Ga shi nan yana buɗe baki kamar kai in an sauke tukunya."

Sai ta ji wani ɗan ruri a gefen kunnenta. Uwar ce, koriya mai sheƙi, ta tsaya cak a iska daidai fuskar Nubia, fikafikanta ba sa ganuwa don sauri. Ba ta gudu ba. Ta matso, ta ja baya, ta sake matsowa, tana kallon wannan ƙatuwar halittar da ta leƙo mata ɗaki.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," Nubia ta ce ƙasa-ƙasa. "Na sauka."

Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta ga Evelio ya saki tsanin tuntuni, kyamara na manne a idonsa.

"Au! Da na faɗo fa?"

"Fabio na riƙe. Nubita, na kama ku tare a hoto, ke da ita!"

Ta harare shi, ta juya wurin magini.

"Don Fabio, tunda ka zo, ku ɗauki keken ɗinkin nan ku kai mini falo, jikin taga. Kujerar wannan tsohon ku fito da ita nan waje, ya zauna da danginsa ruwa ya ci su tare. Ɗakin kuma zan jera bokitai."

"Kin tabbata, Doña? Damina ce guda."

"Na ce maka ban sani ba ne? Zo ku ci abincin, ba zan zubar ba."

Bayan sun ci sun sha kofi, Don Fabio ya mayar da tsaninsa mota yana girgiza kai yana dariya. Ta raka shi bakin ƙofa. Maƙwabciyarsu ta riga ta leƙo ta taga.

"Ga shi nan an fara," ya ce. "Duk unguwa ta san yau za a yi miki rufi. In an tambaye ni me zan ce?"

Nubia ta waiga baranda. Evelio na zaune a kujerarsa, ya ɗaga kai sama, bai ko motsa ba.

"Ka ce muna da mai jego a gidan," ta ce. "Ba a buga guduma."