Ƙafar Saudatu

"Inna, me ya sa ƙafar Saudatu ɗaya ta fi ɗaya ƙiba?"

Mairo ce, 'yata mai shekara huɗu, ta faɗa a tsakar gida, Saudatu na tsaye da taɓarya a hannu. Na make mata baki. Saudatu ta ja zani ta rufe, ta ci gaba da daka.

Amma na riga na gani. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum a turmina take daka. Ƙafarta ta hagu ta kumbura har tana sheƙi, ga wani jan layi ya bi jijiya daga idon sawu ya haura. Cikinta wata bakwai, na fari. Mai cikin fari kuwa ba ta ambatonsa, mu ma ba ma ambata mata.

Da Mairo ta fita na ce, "Zo in taɓa."

"Haba Yaya! Ƙaya na taka a hanyar kogi."

"Ƙayar ce ta kai har gwiwa?"

Ta yi dariya. "Ke dai miƙo min rariya."

Na taɓa. Zafi rau, kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Ran Juma'a lori zai tafi Kano. Bari in sa a yi wa mijinki Halliru magana, ya kai ki asibiti."

"A kwance min zani a duba ciki, duk Wudil ta ji? Wallahi kika faɗa, na daina shigo miki."

Ban sa an yi wa Halliru maganar ba. Na daka mata ganye ta ɗaura. Juma'a biyu ina jin tashin lorin daga madafa.

Ran wata Talata da hantsi naƙuda ta zo mata, lokaci bai yi ba. Iya Hansai ungozoma ta aiko in zo in riƙe ta. Namiji ne, bai yi kuka ba. Iya ta ɗaga cibiyar ta nuna min. Jijiyoyin sun kumbura, sun yi ja, sun yi tauri kamar igiya.

"Kin gani? Zafin da ke jinin uwar ta nan ya bi ya same shi. Tun yana ciki nasa jijiyoyin ke kumbura irin nata. Yaron nan ya daɗe yana shan wuya."

Saudatu ta damƙe hannuna. "Yaya, kar ki bar Mairo ta shigo ta gan ni haka."

Kafin la'asar, Saudatu ta cika.

Ban sani ba ko da asibitin zai yi wani abu. Iya ta ce kwana ne ya ƙare. Taɓaryarta na nan jingine da turmina, Halliru bai aiko a ɗauka ba.

Ke mai karanta wannan, in kika ga jan layi a ƙafar mai ciki, kar ki make bakin yarinyar da ta faɗa. Kar kuma ki tsaya a madafa kina jin lori ya tashi.