Shirun da Saloma Ta Yanke

Saloma mai gaggawa ce, ko shinkafa ba ta bari ta nuna. Da ta shiga koyon nazarin bayanai a wani shagon kwamfuta a Zuru, malaminsu Nasiruddeen ya ce kowa ya nemo abin da zai gwada hannu a kai. Ita kam ba ta wahalar da kanta ba. Ta hau mashin zuwa Rikoto, ta ajiye waya gaban kakarta Leah, ta ɗauki muryarta tana ba da labaran dā da yarensu na C'lela, don ta ƙirga kalmomin ta zana waɗanda suka fi yawa.

Sai dai Kaka Leah ba ta magana a jere. Tun rasuwar mijinta Haggai, in ta faɗi magana sai ta yi shiru ta karkata kai, ta bar masa wurin amsawa. Mutanen gida sun saba, ba mai katse ta.

A allon kwamfuta muryar ta fito a zane kamar kunyoyin gona. A wuraren shirun kuwa layin ya ƙi kwanciya. Wani siririn zane ne yake hawa yana sauka, ya tsaya ya ci gaba, irin na mai magana. Saloma ta ƙure sauti, ba ta ji komai ba.

"Wanga hayaniyar banza ce, ƙila janareton maƙwabta," in ji Nasiruddeen. "Yanke ta, kada ta ɓata miki lissahi."

Ta san ba wanda ya tayar da janareto ranar. Duk da haka ta bi shirun ɗaya bayan ɗaya ta yanke, ta kuma goge na asalin don wayarta ta cika. Zanenta ya fito tsaf, malam ya yaba, kanta ya kumbura.

Ranar Lahadi bayan sujada ta leƙa Rikoto. Ta tarar da tuwo ya sandare a kwano, tsohuwa na zuba magana ba tsayawa, kamar ana korar ta.

"Jikata, ya daina amsa mini," in ji Kaka Leah. "Me kika yi da wurinsa?"

Alhali Saloma ba ta taɓa gaya wa kowa a gidan abin da ta yi ba. Tsoro ya kama ta.

Kwanaki suka wuce, tsohuwa ko kunu ba ta kurɓa. An kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Can Saloma ta tuna ta taɓa tura wa yayanta Aaron, soja, ɗaya daga cikin muryoyin da ta ɗauka, tun kafin ta yanke shirun. Ta kira shi tana kuka, ya turo mata.

Da tsakar rana ta durƙusa bakin tabarma ta kunna. Muryar Kaka ta fito, sannan shirun ya biyo. Tsohuwa ta buɗe ido, ta gyaɗa kai, har da 'yar dariya. Saloma ta ji sanyi a ranta.

"Kaka, ya dawo ko? In kawo kunu?"

"Ya ce hanyar ta yi masa ƙunci yanzu, ba zai iya zirga-zirga ba. Gara ni in je." Ta dafa bango ta tashi zaune. "Ɗauko mini zanena na Zumuntar Mata, wanda na ce a rufe ni da shi."