Mai Takaba a Ƙaramin Gida

Zakiyya ta ɗaga labulen ƙaramin gidan da ke cikin gidan da suka zo saya, tana ƙiyasta inda za ta kafa keken ɗinkinta. Dillali ya ce babu komai ciki sai tarkace. Tarkace kuwa! Mace ce zaune a tabarma, ba kwalli ba lalle, da carbi a hannu.

"Sannu, baiwar Allah. Wace ce ke?"

"Hure. Matar marigayi mai gidan. Takaba nake."

Ta yunƙura za ta shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, mayafinta ya zame. Zakiyya ta ƙura mata ido. Ciki ne, tirtsitsi. Ita kuwa a gidan malamai ta tashi, ta san ba a raba gado sai mai ciki ta sauka, balle a sayar da gida.

"'Ya'yan marigayin sun sani?"

"Su suka dawo da ni nan. Sun ce kada in leƙo sai baƙi sun tafi."

Zakiyya ta fito. Wallahi tana son gidan nan. Ga shi shi kaɗai a tsakiyar gonakin gero, nesa da hayaniyar Makoda, ga lambun mangwaro, ga rijiya. A Kano kuwa an tashe su daga gidan haya, motar kayansu tana hanya.

Maza na zaune a gindin darbejiya: mijinta Abdulrashid, da Basiru babban ɗan marigayi, da liman da aka kira shaida. Ta yafito mijin, ta raɗa masa abin da ta gani.

"Wa ya aike ki?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Direba ya wuce Ɗambatta. Yaranmu a ina za su kwana? Mu ba mu ga komai ba, kin ji ko?"

Ya koma ya zauna. Basiru ya ce ya sallama, Abdulrashid ya ce ya saya. Liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

Zakiyya ta durƙusa daga nesa.

"Allah gafarta Malam, an ƙidaya na cikin Hure a magada?"

Duk suka juyo suka dube ta.

"Hajiya, wannan maganar gida ce!" Basiru ya miƙe a fusace.

Liman ya sauke hannunsa a hankali. "Basiru, da gaske akwai ciki?"

Basiru ya hau kallon takalminsa.

"To, babu ciniki," in ji liman. "Sai ta haihu."

Abdulrashid ko kallonta bai yi ba. Ya zaro waya ya kira direba.

"Juya da kayan."

"Zuwa ina, Alhaji?" Har Zakiyya ta jiyo muryar direban.

"Kai dai ka juya."