Farar Ƙasa a Bangon Baba Mele

"Gaskiya mala'ikun rahama ba za su shiga ɗakin nan ba, da waɗannan fuskokin a bango."

Ina shanyar kayan Mama na ji Yaya Luqman yana faɗa wa matarsa Muhibbat haka ta bayan katanga. Ba da ƙarfi ya faɗa ba, katangar ce gajeriya, ko tari suka yi muna ji. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa na bin gwiwar hannuna. Ɗakin babansa yake nufi, Baba Mele, da aka dawo da shi daga asibiti ƙafafu a kumbure, likita ya ce a je gida a ci gaba da addu'a.

Baba Mele mai zanen mota ne. Da can manyan motocin katako masu ɗauko doya daga Agyaragu, shi ke yi musu zaki da gaggafa a baya. Da aka koma manna sitika aiki ya mutu, sai ya juya kan bangon ɗakinsa da ragowar fenti. Tasha guda ya zana: gaggafa a sama, motoci, kwandastoci, 'yan dako, kare a ƙarƙashin benci, da wata mata zaune gaban tiren lemo tana kare rana da hannu. Marigayiya Rekiya ce, matarsa. Duk layinmu a unguwar Akurba, nan Lafiya, an san haka, shi ne dai bai taɓa faɗa ba.

Ni tun da na gama sakandare ina gida ina jiran admishon. In na gama ƙulla wa Mama zoɓo, sai waya. A nan na ci karo da wani gidan adana kayan tarihi na ƙasar waje, suna bayani kai tsaye duk Alhamis. Wata mata mai furfura da tabarau ce ke ɗaukar hoto guda ta yi ta magana a kai: wanda ya zana, yadda ya rayu, dalilin da ya sa ja a nan bai sa a can ba. Lokacin yana faɗo mana bayan la'asar. A gidanmu sabis ba ya kamawa, sai na fita gindin mangwaron da Baba Mele ke zama.

"Amarya, wane saurayi ne ya ƙwace min ke haka?"

Tun ina rarrafe yake kirana Amarya, wasan jika. Na miƙa masa wayar don ya bar ni. Ya kai ta har bakin hancinsa, ya ƙura wa zanen ido.

"Wannan mutumin ya fi ni," ya ce. "Dubi yadda ya shigo da rana ta taga. Ni duk rayuwata rana nake zanawa kamar an fasa ƙwai."

Daga ranar ya zama tare muke kallo. Ina fassara masa abin da na gane, wanda ban gane ba in tsallake. Yana kama ni kuwa, ya ce matar ta yi magana mai tsawon titin Makurɗi ni na ba shi lungu. In sabis ya ɗauke ya zagi wayar, in matar ta yabi wani zane da bai masa ba ya ce ba ta taɓa ganin bayan motar garin Adogi ba ne.

A ƙarshe ana ba da damar tambaya. Ka rubuta a ɗan akwati, ita ta karanta sunanka da garinku a gaban kowa. Kullum sai Baba ya ce in rubuta Mele daga Lafiya na gaisuwa. Ni kuwa da na ɗora yatsa sai hannuna ya yi gumi. In ta karanta Turancina ta tsaya tana gyara tabarau fa? Ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

Kafin a kwantar da shi, akwai ranar da ta nuna wani tsohon gini. Ta ce mutanen wani zamani sun shafe zanen bangonsa da farar ƙasa, aka yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya san akwai komai a wurin. Sai ga ma'aikata da 'yar wuƙa kamar reza suna ɓarewa a hankali. Ido ne ya fara fitowa, sannan kunci, sannan mutum sukutum. Baba ya sa na maimaita masa, ya daina wasa.

"Tambaye ta. In fentin mota ne a kan siminti fa, zai fito?"

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Matar ta yi sallama ina kan gogewa. Na ce masa sabis ne. Ya kalle ni kawai, ya mayar da hularsa.

To yanzu ga maganar Yaya Luqman. Na kasa zama. Na share tsakar gida da na riga na share, na zubar da rabin zoɓo garin ƙullawa, har Mama ta ce in ɗauki kunun nan in kai wa Baba in ba ta wuri.

Na same shi kwance ya fuskanci bango, ɗakin na warin man zafi. Ashe shi ma ya ji. Ya ce Luqman bai yi ƙarya ba, liman ya daɗe da faɗa masa, shi ne yake ta cewa gobe.

"Tsoro nake ji, Amarya. In aka ce min a can in hura musu rai, ina zan fara? Mutanen tasha guda, har da kare."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na yi ta juya kunun da cokali.

Muna haka Yaya Luqman ya shigo da bokitin fenti, farin mai sheƙi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya fara kewaye-kewaye. Baba ya katse shi, ya ce ya yarda a shafe, amma ba da wannan ba, da farar ƙasa.

"Haba Baba, farar ƙasa ai wahala ce, tana zuba, ba ta rufewa sosai. Wannan shi ne orijinal."

"Da fenti na ciyar da kai, kai za ka koya min? Warinsa zai kashe ni kafin lokacina. Farar ƙasa."

Da ya faɗa, ni ya kalla. Na sunkuyar da kai.

A ranar aka yi. Aka fito da shi baranda a kan katifa, yana ba da umarni ta ƙofa: kar a kankare, kar a goge da sanfefa, a dama ta da ruwa-ruwa. Yaya Luqman ya fara daga sama. Gaggafa ta tafi, motoci suka tafi, 'yan dako, kare. Da ya zo kan mai lemo sai ya tsaya. Burushin na ɗiga a ƙafarsa bai ma sani ba. Har Muhibbat ta leƙo ta ce lafiya? Ya goge fuska da kafaɗa, ya ja burushin.

Da zan tafi Baba ya riƙe bakin hijabina, ya ce, "Alhamis." Na ce to.

Ranar Talata bayan azahar ya cika. Kafin magariba an kai shi. Mata suna ta cewa ɗakin ya yi haske, ya tafi cikin tsabta, Allah ya sa mu ma mu samu haka. Ni ma ina cewa amin.

Alhamis aka wuni ana ruwa, sai wajen la'asar ya tsagaita. Gindin mangwaro maza ne cike suna karɓar gaisuwa, ba halin in je. Na zaga gidanmu da waya a sama, ba sabis. Na shiga wajen Muhibbat, ta ce in gwada ɗakin Baba, ta tagarsa yana kamawa.

An naɗe katifar. Ba komai sai butarsa da hula a ƙusa. Na tsaya jikin taga, hoton matar ya fito yana yankewa, tana magana kan wani mai zanen jiragen ruwa. Ban ji ko rabi ba. Ruwa ya bugi bangon ta waje, damshi ya ratso ta ƙasan tagar. A daidai wurin farin ya yi duhu, kuma can ƙarƙashinsa ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu launin ruwan lemo, jere a kan wani abu kamar tire.

Matar ta cire tabarau ta ce ko akwai mai tambaya.

Na goge hannuna a hijabi. Na rubuta da Turancin da nake da shi, ban koma na duba ba, na tura.

"Hanifa ce daga Lafiya, a madadin Mele. In fentin mota ne a kan siminti, aka shafe shi da farar ƙasa, zai fito?"